Ƙaramin jirgin ƙasa na lambu mai inci 7¼: abin da na gani bayan wata 18

Akwati biyar aka sauke mini a ƙofar gida, da wani dogon ɗauri na ƙarafa wanda sai da muka kama shi ni da ɗana kafin ya shiga. Yau wata 18 ke nan. Kamfanin da na saya a wurinsa yana sayar da kayan ne a matsayin cikakken saiti na mai farawa: kan jirgi mai aiki da batir, tarago ɗaya na mutum uku, da dogo mita 31 wanda zai zagaya ya dawo inda ya tashi. Da gangan na ƙi cewa komai a kansa sai yanzu. Kayan ƙarfe ba a sanin halinsa ranar da aka yage kwali, sai rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, yara sun hau sun sauka har an daina ƙirgawa. Shekara 34 na yi ina walda kafin in ajiye, don haka idona ya fi zuwa kan haɗi da noti, fenti sai daga baya. Kan jirgin ya burge ni, kuma har gobe yana burge ni. Taragon da ɗan littafin bayani kuwa ina da magana a kansu, ba ƙarama ba.

Faɗin dogo shi ne zaɓin da in an yi an yi ke nan. Masu wannan sha'awa sun fi amfani da inci 5 ko inci 7¼, wato milimita 127 ko 184 daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Babban jirgin da yawancin duniya ta sani milimita 1,435 ne, ka ga mai inci 7¼ kusan ɗaya cikin takwas ɗinsa ke nan. Da farko mai inci 5 na so, saboda mutum ɗaya yana iya ɗaga kansa. Da na zauna a kan irinsa a ƙasa sai na ji kamar na hau bakin katanga, dogon bai kai taƙi guda ba. Shi ya sa da yawa suke ɗaga shi a kan ginshiƙai, mutum ya zauna ƙafafunsa na reto gefe da gefe. Ni a ƙasa nake son nawa, inda jikokina za su tsallake shi su wuce. Wanda kuma yake tunanin sayo wani abu na hannu daga Amurka ya haɗa da wannan saiti, to ya buɗe ido: yawancin ƙasar inci 7½ suke yi, har da Train Mountain da ke jihar Oregon mai dogo sama da kilomita 50. Bambancin milimita 6 ne da ɗan ɗoriya, a hoto ba a gani, amma ƙafar jirginsu ba ta zama a kan wannan dogo.

Kan jirgin mai ƙafa huɗu ne, an yi shi da siffar ƙananan masu dizal ɗin nan da ke jan taragu a cikin tasha. Gindinsa farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita 8. Abin da na fara yi shi ne na kifa shi a kan tebur na bi waldar da ɗan yatsa. Wanda ya yi ta ya san hannunsa. Ta tafi sumul kamar an jera sulalla, babu ramukan iska, babu inda aka tula ƙarfe don a rufe giɓi, kuma an yi ta kaɗan nan kaɗan can don kada zafi ya murɗe farantin. Na ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa, na koma ɗaya gicciyen, suka zo daidai. Ramukan noti duk sun hau juna, ko sau ɗaya ban ɗauki magagari ba. Kwana biyu na yi ina haɗawa a tsanake.

Injin lantarki biyu ne a ciki, kowanne yana juya sandar ƙafafu guda ta hanyar sarƙa, a kan boris rufaffe da ba ya neman giris. Kowace ƙafa da sifirin ɗinta. Wannan ba ado ba ne: jirgi mai ƙafa huɗu in ba sifirin, da ya taka inda dogo ya ɗan murɗe sai ƙafa ɗaya ta tashi sama, leɓenta ya hau kan ƙarfe, jirgi ya goce. Aibi ɗaya na samu. Sandar baya, tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa ta gaza da milimita 2. A miƙaƙƙen dogo ba za a ji ba, sai ran da aka sa mahaɗar canjin layi. Na buga musu waya, wanda ya ɗauka daga jin maganarsa ka san a bakin inji yake wuni. Ya ce in juya ƙafar in auna wuri uku in karanta masa. Na karanta, bai ja ba, ya ce kuskurensu ne. Kwana 9 sabuwa ta iso, su suka ɗauki nauyin mayar da tsohuwar.

Abin da na fi so a duk kayan shi ne totur ɗin. Ɗan akwati ne da ake riƙewa a hannu, da waya mai tsawon mita 2 zuwa kan jirgi: maɓallin murɗawa na gudu, makunnin gaba da baya, oda ta gargaɗi, sai wani madanni a ƙarƙashin babban yatsa wanda dole a riƙe shi a danne muddin ana tafiya. Na'urar ba rage wuta take yi ta ƙone saura a banza ba, yanka ta take yi gutsure-gutsure, sau dubbai a daƙiƙa guda. Saboda haka jirgi yana iya tashi da tafiyar hawainiya ba tare da fizga ba, ko da kaya a bayansa. Ranar da na fara miƙa wa jikata 'yar shekara 7, ta riƙe da hannu biyu, idonta a kan yatsanta ba a kan hanya ba.

"Kaka, in na saki fa?"

Na ce, "Saki ki gani."

Ta saki. Injin ya yi wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, cikin taku biyu muka tsaya cak. Ta sake dannawa, ta sake saki, sau huɗu, sai da ta gamsu cewa jirgin yana jin maganarta sannan ta ɗaga kai ta dubi gaba. A cikin murfi akwai wani ɗan noti na ƙayyade iyakar gudu, na mayar da shi rabi saboda yara. A buɗe gaba ɗaya yana kai kilomita 10 a awa, wanda a takarda ba komai ba ne, amma in mazauninka bai fi kamu ɗaya daga ƙasa ba, ciyawa na wucewa ta gefen gwiwarka, gudu ne sosai.

Ƙarfin ja kuwa nauyi ne ke yanke shi, ba inji ba. Da batir biyu a ciki kan jirgin ya kai kilo 90. Ƙafar ƙarfe a busasshen dogo takan riƙe kimanin ɗaya cikin biyar na nauyin da ke kanta kafin ta fara sulɓi, wato abin da bai wuce kilo 18 na ja ba. A lebur wannan ya isa har ya yi yawa. A hawa ne lissafi ke canzawa: lambuna yana da wuri mai hawan 1 cikin 50, inda kowane kilo 100 yake neman ƙarin kilo 2 na ja. Da manya uku a baya yana hayewa ba ko tari in dogo a bushe yake. Da raɓar safe ko jiƙaƙƙen ganye, ƙafafu sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kamfanin ya ce yana jan manya shida. Na gwada bayan na ƙera tarago na biyu da hannuna, kuma gaskiya suka faɗa, amma a lebur, da rana.

Batir ba ya cikin saitin, sun kuma faɗa ƙarara tun kafin a biya. Guda biyu ake sa wa masu ƙarfin wuta bolt 12, a haɗa su su ba da 24, irin waɗanda aka yi don a sha su a hankali a sake cikawa. Batirin tayar da mota zai yi aiki na 'yan watanni ya mutu. Nawa sukan wuni ana zagaye ba su sauka rabi ba.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Littafin bayanin shafi 28 ne. Shafi 24 a kan haɗa kan jirgi suke, da hotuna masu kyau. Shimfiɗa dogo rabin shafi aka ba shi: a daidaita ƙasa, a zuba tsakuwa, a jera, a ɗaure. Alhali duk gumin wannan sha'awa a nan yake, kuma ko jirgi zai zauna a kan layi ko zai zubar da mutane, a nan ake yanke shi. Kayan dogon su kansu ba su da laifi. Ƙarafan na alminiyom ne, mita 3 kowanne, sandunan gicciye na robar da aka sake narkawa, ba ruwansu da gara ko ruɓa. Bayani ne babu, kuma rashinsa ya sa na yi aiki ɗaya sau biyu.

Ba su faɗi wace irin tsakuwa ba. Na zuba mulmulalliya irin ta bakin rafi don ta fi kyau a ido. Cikin mako biyu dogon ya matsa waje a kwana da faɗin yatsu uku, domin mulmulallen dutse birgima yake yi a kan ɗan'uwansa. Abin da ake so fasasshen dutse ne mai kaifi, kamar milimita 10, wanda in an daddage shi yake cije juna ya riƙe sandar gicciye kamar an dasa ta. Sai da na kwashe duka, na haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin 10, na shimfiɗa ƙyallen hana ciyawa, na kafa katako a gefe don kada tsakuwa ta watse. Mita 31 kaɗai sun ci kusan tan 3, duk da baro na kai su. Daga nan sai bin sanduna ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, da guntun katako ana cusa dutse a ƙarƙashi, ana ɗora ma'aunin lebur a gicciye. Lebur na gicciye ya fi na tsawo muhimmanci. Jirgi yana yafe ɗan tudu, murɗewa ce ba ya yafewa.

Ba su kuma ce a bar giɓi a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe ba. Wannan ya kamata in sani da kaina, ni da na yi rayuwata da ƙarfe mai zafi, amma na bi littafi na matse su baki da baki da sanyin safiya. Alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sanda mai mita 3, in zafinta ya ƙaru da digiri 30, tana ƙara tsawon milimita 2. Jera huɗu a miƙe ka ga abin ya doshi santimita guda, kuma ba shi da inda za shi sai gefe. Da azahar na fito na tarar da miƙaƙƙen layin ya yi lanƙwasa kamar maciji ya ratsa yashi. Ramukan 'yan farantan haɗi dogaye ne, an yi su musamman don ƙarfe ya zame a ciki, wato wanda ya zana kayan ya san da maganar. Wanda ya rubuta littafin ne bai faɗa ba. Layi biyu da sun wadatar: a bar giɓin kaurin kwali biyu, kada a ƙulle notin tamau.

Sai kwana. Wadda ta zo a saitin, in ka kafa turke a tsakiya ka ja igiya zuwa dogo, mita 3 ce. Sun ce jirgin yana shan ta, kuma yana sha, amma da kuka. Ƙafafun jirgi biyu a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, ga shi ta waje tana da tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, a rabin da'ira bambancin ya kai santimita 58. Ɗan gangaren da ake yi wa fuskar ƙafa yana cinye wani abu daga wannan bambanci in kwana mai faɗi ce. A matsattsiya ba ya isa, sai ƙafa ɗaya ta riƙa jan ciki, leɓe yana gugar ƙarfen waje. Cikin wata uku gefen ƙarfen ya yi ƙyalli kamar an goge shi da magagari, wani baƙin gari yana taruwa a ƙasa yana ɓata wa yara tufafi. Masu aikin dogo sukan ƙara faɗi da milimita 2 ko 3 a kwana don ƙafa ta sami sarari, amma sandunan nan an riga an huda su a faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe.

Kwana ba abin wasa ba ce ko ga masu hali. Walt Disney, mai fina-finan katun ɗin nan, ya yi dogo mai wannan faɗi na inci 7¼ a bayan gidansa a Los Angeles, ya fara tuƙa shi a 1950. A 1953 wani baƙo ya shiga kwana da gudu, jirgin ya kife, tururi ya ƙona wata ƙaramar yarinya, daga nan aka rufe layin. Da na tuna wannan sai na tsaya na auna lambun da kyau, na ga kwanar mita 5 za ta shiga in an cire wani sashe na furannin uwargida. Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗa mata. Ta fito ta dubi inda na ja igiya, ta ce, "Malam, in dai yaran ba za su faɗi ba, cire su." A nan ma kamfanin ya kyauta: suka ara mini na'urar lanƙwasa dogo mai gargare uku, na sayi ƙarin ƙarafa da sanduna marasa huji, na huda da kaina da ɗan ƙarin faɗi. Layin ya koma mita 51. Kukan ya ɗauke gaba ɗaya, yanzu sai ƙwas-ƙwas ɗin ƙafa a kan mahaɗa kawai ake ji.

Taragon shi ne abin da ba zan ce wa kowa ya saya yadda yake ba. Dogon benci ne da ake hawa kamar doki, tsayinsa santimita 45 a kan dogon da faɗinsa bai kai 19 ba, shi kansa kuma bai fi kilo 25 ba. Matakan ƙafa an ɗaga su sama, ga su sirara. Duk nauyin yana sama ke nan, a jikin mutane. Tun 1874 Arthur Heywood, wanda ya yi dogo mai inci 15 a Duffield Bank ta Ingila, ya tsaya a kan cewa wannan ne mafi ƙanƙantar faɗi da za a dogara da shi a aikin gaske, domin ana iya rage jirgi amma ba a rage mutum. Mu da muke ƙasa da rabin wannan faɗi, dole tarago ya rama da nauyi a ƙasa. Wani baƙona, babban mutum, ya ɗan karkata zai ɗauki hoto, na ga ƙafafun ɓangare guda sun rabu da dogo da idona. Allah ya sa a tsaye muke.

Kuma ba shi da birki. Birkin saitin gaba ɗaya na lantarki ne: in an saki totur, injin yakan koma kamar janareta ya mayar da wuta cikin batir, wannan ne ke riƙe jirgi. Yana aiki da kyau muddin batir yana haɗe. Wata yamma muna saukowa daga tudun nan da jikoki uku a bayana, notin kan batir ya kwance da girgiza, waya ta zame. Na saki madanni, ba abin da ya faru. Na murɗa baya, shiru. Jirgin ya ci gaba da ƙara gudu ba ƙara ba gurnani, yaran suna dariya don ba su san abin da ake ciki ba. Na ce musu kowa ya riƙe na gabansa, kada wanda ya sauke ƙafa, domin ƙafar yaro in ta shiga tsakanin mataki da tsakuwa karyewa take yi. Muka shiga kwanar ƙasa, ta riƙe mu, muka fita, muka je muka tsaya da kanmu inda layin ya fara hawa. Da tsohuwar kwanar mita 3 ce, ba na jin za mu fita a kan dogo. Na daɗe a zaune hannuna na rawa kafin in iya tashi.

Ni na ɗaure notin, ban musa ba. Amma noti mai kunne suka bayar, ba washar da za ta hana shi kwancewa, kuma abin da zai ɗauki yara bai kamata tsayawarsa ta rataya a kan noti ɗaya ba. Na sake kiransu. Suka ce akwai birkin hannu na tarago, ana sayensa daban in an nema. Na ce to a shafin farko ya kamata a rubuta haka, ko ma a ƙi sayar da taragon sai da shi. Sun saurare ni da ladabi, sun ce za su ƙara gargaɗi a littafin. Wani da ya saya bayana da wata 6 ya nuna mini nasa, rabin shafin nan yana nan yadda na san shi.

Gyaran da na yi ba mai wuya ba ne ga mai injin walda. Na manna farantin ƙarfe mai kilo 30 a can ƙasa tsakanin ƙafafu, na sauke matakan na faɗaɗa su, na rufe gefe da falle don yatsu kada su kai ga ƙafa. Na ƙera birki mai sanda, in an ja sai katako biyu su matse ƙafafun gaba, yana daidai hannun daman mai tuƙi. Tsakanin kan jirgi da tarago sanda ɗaya ce da fil, na ƙara sarƙa ta ko-ta-kwana. Notocin batir na canza su da masu roba a ciki. Wanda ba shi da kayan aiki ko wanda zai yi masa, ya nemi birkin tun ranar oda, ya kuma tambayi nauyin taragon kafin ya biya.

Akan tambaye ni me ya sa ban sayi mai tururi ba. Ina son su, ƙamshin kwal da mai ba shi da na biyu. Amma tukunyarsu tana neman gwajin matsi a kai a kai, hura wuta kafin a tashi yana cin rabin awa ko fiye, kuma komai na jikinsu yana ƙuna. Da yara ƙanana a gida, wanda ake murɗa makulli ya tashi ya fi mini kwanciyar hankali.

A watan jiya na sake yi musu oda, mahaɗar canjin layi guda ɗaya, don in ja reshe zuwa rumfa in huta da ɗaga kilo 90 kullum. Ta iso a haɗe, na bi ta da ma'auni ban sami inda zan gyara ba, sandar bayan nan da suka canza mini ta wuce ta ciki ba ko ƙwarzane. Ƙarafan tsohuwar kwana ban zubar ba. Gefe ɗaya ne ya ci, sai na miƙar da su na juya lafiyayyen gefen ciki, da su nake shimfiɗa reshen. Saura mita 4 in kai bakin rumfa, tsakuwa ce ta ƙare.